In kwamfuta ta shiga ɗakin tiyata, wa ke riƙe da aska?

Usman: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Wani labari ne ya hana ni sakat. A watan Yulin 2025 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka fitar da sakamakon wani mutum-mutumi mai suna SRT-H, wanda aka koya wa aiki ta hanyar nuna masa bidiyon likitoci suna cire matsarmama. Da kansa ya gano bututun ruwan matsarmamar da jijiyar jininta, ya maƙale su, ya yanke, har sau 8, bai kuskure ko ɗaya ba. Kafin nan, a 2022, wani nasu mai suna STAR ya ɗinke hanjin aladu huɗu masu rai. Ku tuna fa sai a 1846 aka fara nuna wa duniya, a Boston, cewa za a iya sa mutum barci a yanka shi bai ji ba. Ko shekara 200 ba a yi ba. Wallahi masu binciken tiyata sun cancanci jinjina. Amma ni da nake aji biyar a karatun likitanci, kuma tiyata nake son ƙwarewa a kai, in ci gaba ko in sake shawara?

Injiniya Sagir: Wa alaikumus salam. Usman, kafin manya su zo bari in raba maka abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Mutum-mutumin da kake ji ana cewa ya yi wa wane aiki a asibiti, galibi mai suna da Vinci ne, wanda FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da shi a 2000. Wannan ba ya tunanin komai. Likita ne ke zaune a gefe, ya cusa kansa a madubin kallo, yatsunsa a kan maɓallai, duk motsin da ya yi na'urar ta maimaita a cikin cikin majinyaci. Tana rage girman motsin, tana tace rawar hannu, shi ke nan. Ko aikin nan da ya yi suna na 2001, da Jacques Marescaux yana New York ya cire wa wata mata matsarmama tana Strasbourg ta Faransa, hannunsa ne ya yi, waya ce kawai ta yi tsawo. Ƙirƙirarriyar basira daban take: manhaja ce da ta koyi gane abu daga tarin misalai. Abin da ya sa labarinka ya zama labari shi ne an haɗa biyun.

Dakta Haruna: Ɗana Usman, ka koma ka sake karanta takardar a tsanake. Gaɓoɓin alade ne da aka riga aka ciro, aka ajiye a kan tebur. Ba numfashin da ke ɗaga hanta sama da ƙasa, ba jinin da zai ɓalle ya rufe kyamara, ba kumburin da ya manne komai da komai har ka rasa ina ne gaba. Matsarmamar da ke hana likita barci ita ce wadda ta kumbura sau da yawa, ta mutum mai ƙiba, da tsakar dare. Ban raina aikinsu ba, aiki ne mai kyau. Amma ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Kuma tunda jinjina ka kawo, bari in faɗa maka waɗanda ni nake yi wa. Tun wajen 1894 William Halsted ya kafa cewa maganin sankarar mama shi ne a cire maman gaba ɗaya, da tsokar ƙirjin da ke ƙarƙashinsa, da kaluluwar hammata. Hankali ya ɗauka: ka cire da yawa, ka tsira da yawa. Aka shafe shekaru fiye da 70 ana yi wa mata haka, hannu ya kumbura, ƙirji ya rame har ana ƙirga haƙarƙari. Sai Bernard Fisher da abokan aikinsa suka ce a gwada. Suka raba majinyata ta hanyar ƙuri'a, wasu a yi musu babban aikin, wasu ƙarami. Sakamakon 1985 ya nuna cewa ga masu ƙaramin ƙari, cire ƙarin kaɗai tare da gashi da haske bai rage tsawon rai ba. Fisher bai ƙera wata na'ura ba. Ya dai tilasta wa abokan sana'arsa su auna abin da suka yi imani da shi, kuma sun ƙi jininsa a kan haka.

Usman: Ranka ya daɗe, to ai wannan tsohon zamani ne. Yanzu kafin a fito da abu ana gwadawa.

Dakta Haruna: Ina! Saurara. Tiyatar huji, wadda ake yi da kyamara ta 'yan ƙananan ƙofofi, ta bazu ne a ƙarshen shekarun 1980 ba tare da an jira wani babban gwaji ba, kuma a farkon nan raunin da ake yi wa babban bututun ruwan matsarmama ya ƙaru kafin a koyi darasi. Ga na kusa: a 2018 aka buga gwajin LACC a kan mata 631 masu sankarar bakin mahaifa. Kowa ya ɗauka aikin huji, da hannu ko da mutum-mutumi, ya fi, tunda ciwo kaɗan ne kuma ana sallama da wuri. Bayan shekara huɗu da rabi, kashi 86 cikin 100 na waɗanda aka yi wa huji ne cutar ba ta dawo musu ba, a ɓangaren waɗanda aka buɗe wa ciki kuwa kashi 96.5. Asibitoci da dama suka koma buɗe ciki. Da ba a yi gwajin ba, da har yau ana tafa wa sabon salon.

A 2002 ma a Houston an ɗauki mutum 180 masu ciwon gwiwa na zaizayar gaɓa, wasu aka wanke musu gwiwar ta kyamara, wasu aka ɗan tsaga fata kawai aka ɗinke ba su sani ba. Bayan shekara biyu ba wanda ya fi wani samun sauƙi. Mu likitocin tiyata muna da saurin yarda da abin da hannunmu ya yi, shi ya sa a 1996 editan mujallar Lancet ya yi mana ba'a a kan raunin bincikenmu. Ya yi zafi, amma ba ƙarya ya yi ba.

Sista Rabi: Baba Dakta ya taɓo inda ke yi min ƙaiƙayi. Ku masu son na'ura, kun san binciken da ya fi canza min aiki a ɗakin tiyata? Takarda ce guda mai tambayoyi 19, ta Hukumar Lafiya ta Duniya, 2008. Kafin a sa aska kowa ya tsaya. Ana faɗin sunan majinyaci da ƙarfi, wane aiki, wane ɓangare, dama ko hagu, an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, jini nawa ake tsammanin zai zuba. Kowa ya faɗi sunansa, har ƙaramar nas da ta zo jiya. A asibitoci 8 na ƙasashe 8 da aka gwada ta, mace-mace sun sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8.

Sannan ga ƙirga. Ƙyallayen tsane jini biyar-biyar suke zuwa a ɗaure, kowanne da wani zare a jiki wanda hoton ƙashi ke nunawa. Ni da nas ta biyu muke ƙirgawa da baki, ina ware su ɗaya bayan ɗaya tana kallo, ta rubuta a allo. Kafin a rufe ciki a sake, kafin a rufe fata a sake. In ɗaya ya ɓata, ko likita ya ɗaure fuska ba a rufewa. A duba bokiti, a duba ƙarƙashin takalmi, a ɗaga hanji a leƙa. In akwai kyamarar da za ta taya ni wannan ƙirgar a awa ta bakwai ta aiki, lokacin da ƙafafuna ke rawa, a kawo ta gobe. Amma ban ga ana gasar ƙera wannan ba, kowa so yake na'urarsa ta riƙe almakashi.

Dakta Bilkisu: Sista, Allah ya bar mana ke. Amma Malam Haruna, da girmamawa, kada mu sa yaron nan ya tafi da tunanin cewa duk abin hayaniya ce. Akwai inda basirar nan ta riga ta nuna amfani, kuma ba a riƙe aska ba ne, a gani ne.

Misali daga ɓangarenmu na ƙwaƙwalwa. Ka buɗe kai, ka isa ga ƙari, dole ka san irinsa kafin ka yanke shawarar iya inda za ka bi shi. Wani nau'in in ka bar ko ɗan kaɗan zai dawo, don haka ka kan yi kasadar matsawa kusa da wurin magana ko motsi. Wani kuwa magani da gashi sun fi yi masa, ba dalilin nakasa yaro a kansa. Abin da aka saba shi ne a gutsuri ɗan nama a aika ɗakin gwaji, a daskarar, a yanka, a rina, masani ya duba, ku kuna tsaye minti 20 zuwa 30, majinyaci na kwance kai a buɗe. A 2020 aka buga wani gwaji a Nature Medicine inda aka ɗauki hoton naman da hasken leza, manhaja ta faɗi nau'insa cikin ƙasa da minti uku. Ta dace a kashi 94.6, masana ɗakin gwaji 93.9. Abin da ya fi burge ni shi ne ba wuri ɗaya suke kuskure ba, inda ta faɗi su sun gane, inda suka faɗi ita ta gane. A 2023 kuma a Utrecht ta ƙasar Holan aka fito da wata mai suna Sturgeon, wadda ke karanta alamomin ƙwayar halittar ƙarin tun ana tsakiyar aiki, ta ba da amsa cikin kamar minti 90, alhali a da sai an jira kwanaki bayan an rufe kai. Wani lokacin jiran nan na nufin a sake buɗe kan yaro karo na biyu.

Dakta Haruna: Wannan na yarda da shi, Bilkisu, domin an auna shi kafaɗa da kafaɗa da mutum. Abin da nake nema ke nan.

Dakta Maryam: Bari mu na bayan labule mu sa baki, tunda kullum sai an gama rabon yabo ake tuna mai sa barci. Mu tuni muna da manhajar da ke duba yanayin bugun jini a jijiya ta ce nan da 'yan mintuna awon jini zai faɗi. A wani ƙaramin gwaji a Amsterdam, 2020, lokacin da majinyata suka shafe jininsu na ƙasa ya ragu daga wajen minti 33 zuwa minti 8. A shekarar kuma aka yi wani a Cleveland, ba a ga bambanci ba, domin kusan rabin gargaɗin likitocin ba su yi komai a kai ba. Na'ura iri ɗaya fa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan majinyaci ya san dalili: wannan na ƙara, wancan na ƙara, na'urar numfashi na kuka, ta ɗumama jiki na kuka, kunne ya gaji ya daina ji. Kuma har yanzu tambayar da ta fi muhimmanci tana nan, shin rage waɗannan mintunan ya rage lalacewar ƙoda da mutuwa? Lamba ta yi kyau a allo daban, mutum ya koma gida lafiya daban.

Malam Nuhu: Salamu alaikum likitoci. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, karatu kawai nake a nan ina ƙaruwa. Tambayata ta talaka ce. In aka kwantar da mahaifiyata, kwamfuta ta ce yanka nan, aka yanka, ashe ba nan ba ne, wa zan riƙe? Likitan zai ce na'ura ce, masu na'ura su ce ai shawara kawai ta bayar. Na biyu, bidiyon da kuka ce ana koya mata da shi, cikin mutane ne fa. An tambaye su?

Injiniya Sagir: Malam Nuhu, tambayarka ta fi ta kowa wuya. A yadda ake tafiya yanzu, kusan duk waɗannan manhajojin an yi musu rajista ne a matsayin mataimaka, hukunci na hannun likita, don haka alhaki na wuyansa. Sai dai akwai rashin adalci a ciki: in ya bi ta aka samu matsala a ce me ya sa bai yi tunani ba, in ya saɓa mata aka samu matsala a ce ga shi an gargaɗe shi. Batun bidiyo kuwa, ana cire suna da duk hoton da kyamara ta ɗauka a wajen jiki, amma dokar neman izini ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ni ra'ayina a tambayi mutum a fili, a takarda daban, ba a cusa shi cikin dogon fom ɗin da ake miƙa masa yana kan gadon turawa ba.

Wani abin da mu masu rubuta manhaja muka sani, ba mu cika faɗa ba: abin da ta koya a asibiti ɗaya ba lallai ya yi aiki a wani ba. A canza kamfanin kyamara, ko hasken fitila, ko a kai ta inda majinyata ke zuwa a makare cuta ta yi nisa, sai ƙwazonta ya ragu. Kuma ba za ta ce maka ban gane ba. Da ƙarfin gwiwar da take faɗin daidai, da shi take faɗin kuskure.

Dakta Haruna: Yawwa. Ga kuma abin da ya fi damuna a matsayina na mai koyarwa. Tun 2021 FDA ta amince da GI Genius, mai zana ɗan akwati a allo in ta hango tsiro yayin leƙen babban hanji, kuma gwaje-gwaje sun nuna ana ƙara gano tsiron da ita. To a 2025 aka buga wani bincike da ya duba cibiyoyi huɗu a Poland. Ƙwararrun likitoci, bayan sun saba da irin wannan manhaja, in aka ba su aiki babu ita, yawan gano tsironsu ya sauko daga kashi 28.4 zuwa 22.4. Cikin 'yan watanni! Waɗannan sun ƙware kafin ta zo. Ina ga Usman da zai buɗe ido ya tarar da ita? Ranar da ta ɗauke, ko jini ya rufe kyamara, wa zai ƙarasa aikin?

Dakta Bilkisu: Malam, da sandarka zan kare kaina. Binciken Poland ɗin nan ba na ƙuri'a ba ne, kafin da bayan kawai aka kwatanta, kuma abubuwa da yawa kan canza a tsakani, har da yawan aikin da ke kan likitocin. In ba mu karɓi irin wannan hujjar don yabon na'ura ba, bai kamata mu karɓe ta don kushe ta ba. Gargaɗi ne, na ji, a bi shi da gwaji na sosai.

Kuma koyarwar da kake tsoron ta lalace, ni a nan nake ganin babbar riba. Ka tuna binciken Michigan na 2013? Likitoci 20 masu tiyatar rage ƙiba suka ba da bidiyon aikinsu, takwarorinsu suka ba su maki ba tare da sanin na wane ne ba. Majinyatan waɗanda ke ƙasa sun samu matsala a kashi 14.5, na waɗanda ke sama 5.2. Kowa a ɗakin tiyata ya san hannu ya fi hannu, Sista Rabi ma za ta iya jera mana su, amma ba mai lokacin zama ya kalli dubban awanni na bidiyo. Manhaja na da wannan lokacin. Za ta iya ce wa mai koyo: a aiki kaza ka yanke bututu kafin ka fito da shi sarai, ga minti na 23, kalla.

Sista Rabi: Zan iya jera su kam, amma ina son aikina. 😄

Dakta Haruna: Na ji, 'yata, hujjar ba ta kai ta ƙuri'a ba. Amma lura, nauyin kawo hujja na kan mai shigo da sabon abu ne, ba kan mai cewa a yi hattara ba. Batun bidiyo kuwa ina goyon baya, da sharaɗin ya zama na koyarwa. Ranar da ya zama na farautar laifi, likitoci za su fara gudun majinyata masu wuya don makinsu ya yi kyau, kuma waɗannan su suka fi bukatar mu.

Malam Nuhu: Allah ya saka da alheri. Ƙari ɗaya: na taɓa karanta cewa mutum biliyan 5 a duniya ba sa iya samun tiyata mai aminci a lokacin da suke bukata. Duk wannan zancen ya shafe su kuwa?

Dakta Maryam: Haka ne, rahoton kwamitin Lancet na 2015 ne, kuma ya ce ana bukatar ƙarin ayyuka miliyan 143 duk shekara. Yawancinsu ba masu sarƙaƙiya ba ne: haihuwar da ta gagara, hanjin da ya toshe ko ya huje, karayar da ƙashi ya fito. Abin da ke kashe mutum a nan rashin jini ne, da iskar oksijin, da wanda zai lura da shi a daren farko bayan aiki. Mutum-mutumi ba zai taɓa wannan ba nan kusa. In basirar za ta yi rana, sai dai ta hanya mara ƙyalli, kamar taimaka wa wanda ba ƙwararre ba ya karanta hoton ciki, ko jawo hankalin nas ɗaya mai gadaje da yawa zuwa ga wanda ya fara lalacewa.

Usman: Na gode ƙwarai. Ke nan in ci gaba?

Dakta Haruna: Ci gaba mana. Ka koyi ɗaurin zare har yatsunka su yi shi kana hira, ka koyi buɗe ciki da hannu ko da kowa na huji. Sannan ka koyi karanta takardar bincike, ka riƙa duba da wa aka kwatanta, kuma me aka auna. Tun 2009 akwai tsarin IDEAL da ya shimfiɗa matakan da sabon salon tiyata zai bi, daga majinyaci na farko har bibiyar shekaru. Na'urar ma ta bi layi.

Injiniya Sagir: Baba, a nan akwai ƙulli. Gwaji irin wanda kake so kan ci shekara biyar. Manhaja kuwa kafin nan an sabunta ta sau da yawa. Ranar da sakamako ya fito, wadda aka gwada ba ita ke aiki a asibiti ba. Shi ya sa yawancin waɗanda aka amince da su a kulle suke, ba sa koyon sabon abu a bakin aiki, amma kamfani na iya fitar da sabon zubi.

Dakta Haruna: To a riƙa rubuta lambar zubin a fayil ɗin kowane majinyaci, yadda muke manna lambar ƙarfen da muka dasa a ƙugu. In matsala ta ɓullo bayan shekara uku, a san su wa za a kira.

Sista Rabi: A riƙa rubutawa, in ji Baba. Wa zai rubuta? Mu ne dai. Injiniya, ka gaya wa mutanenku ta riƙa shigar da lambarta da kanta, takardun da ke gabana sun ishe ni.